An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Duk shekara idan kaka ta yi nakan je ƙauyenmu na taya kawuna ɗaurin buhu. Manomin masara ne da dawa, kuma a garin ba a sa shi cikin masu ƙaramin ƙarfi. Duk da haka ban taɓa ganin hatsinsa ya cika wata biyu a rumbu ba a taɓa shi ba. Tun ana casa mai taki ya aiko yaro. Wanda ya ranta masa kuɗin 'yan ƙwadago ya zo gaisuwar da kowa ya san ma'anarta. Ga kuɗin makarantar yara, ga bikin 'yarsa da aka sa bayan kaka. Ranar kasuwa sai ya ɗora buhuna a a-kori-kura, ya isa ya tarar kowa ma abin da ya kawo ke nan. Masara ta cika fili har ba masaka tsinke, masu saye kuwa 'yan ƙalilan. Ɗan sari zai soka ƙarfe a buhu, ya zaro 'yan ƙwayoyi, ya tauna ɗaya ya ji bushewarta, sannan ya taya. Kawu ya ce albarka. Ya ɗan ƙara abin da bai taka kara ya karya ba. Kawu ya waiga ya ga jerin buhunan maƙwabtansa suna jiran wannan mutumin, ya sallama.

Na taɓa ce masa, "Kawu, da ka haƙura zuwa bazara ai da ka sami kusan ninkin wannan." Ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, wanda ake bi bashi ba ya jiran bazara."

A watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon hatsi bai nuna ba, Kawu kan koma kasuwar nan da kwano a hannu ya yi awo da tsada, wani lokacin ma a hannun mutumin da ya sayar wa. Abin yana min ciwo, kuma na daɗe ina ganin wannan ɗan sarin shi ne azzalumin labarin. Yanzu na canza ra'ayi, kuma ina ganin yadda muke saurin ɗora masa laifin tsadar abinci yana cikin abubuwan da ke hana mu gyara tsadar.

A watan Fabrairun 2024, lokacin da mata masu gurasa suka fito zanga-zanga a Kano, mutanen Minna suka tare hanya saboda yunwa, hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta shiga kasuwar Dawanau ta garƙame wasu manyan rumbunan ajiya bisa zargin ɓoye abinci. Shugabannin kasuwar sun musanta zargin. Jama'a kuwa sun yi ta sa albarka, kuma ban ga laifin jama'a ba. Wanda ya kwana bai ɗora tukunya ba, aka nuna masa sito maƙare da buhuna, me kake so ya ce? Irin wannan samame kan sa farashi ya ɗan risina na 'yan kwanaki, domin mai kaya yana tsoron a ƙwace, sai ya fitar. Amma zuwa watan Yunin shekarar, alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Kwaɗon da aka sa wa sito bai ƙara ko tiya ɗaya a kan abin da aka noma ba.

Duk mai son ya gane lamarin, ya bar hatsi tukuna ya dubi tumatir. Babu mai iya ɓoye tumatir. Kwana uku ya yi yawa, zai fara zubar da ruwa, ƙuda su taru. Da a ce ɓoyewa ce ke kawo tsada, da tumatir ya fi kowane kaya zama a farashi ɗaya. To amma kowace uwargida ta san babu kayan da farashinsa ke tsalle kamar shi. Je ka kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan da ke Jihar Kano a tsakiyar noman rani, wajen Fabrairu, lokacin da Kadawa da Kura da Bunkure duk suka kawo a lokaci guda. Za ka ga kwanduna jere a rana, manomi yana roƙon a saya ko da kuɗin kwandon da na mota ne ya fita, wani ma ya zubar a bakin titi ya juya. Ka dawo kasuwar 'Yan Kaba da ke birnin Kano a watan Yuni ko Yuli, ruwa ya sauka, na rani ya ƙare, na damina bai zo ba, ka ga 'yan ƙwayoyi huɗu an kasa maka a kuɗin da dā za ka cika roba. Mutanen su ne dai, zuciyarsu ba ta canza ba tsakanin Fabrairu da Yuli. Abin da ya canza shi ne yawan kayan. A 2016 da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, har Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, farashi ya ninka sau da yawa, kuma masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa, wadda aka buɗe a shekarar, ta tsaya saboda babu abin da za ta niƙa. Babu sito ko ɗaya da za a fasa a wannan karon.

Hatsi ma da haka zai riƙa yi da ba a iya ajiye shi. Sau ɗaya muke girbin gero da dawa a shekara, amma kullum muke ci. Dole wani ya riƙe abin da aka girbe a Nuwamba har ya kai mu Agusta. Idan manomi ba zai iya riƙewa ba saboda bashi, gwamnati kuma ba ta riƙe abin a zo a gani ba, saura wa? Ɗan sarin nan da ke saye da kaka, sayensa ne ke hana farashi faɗuwa warwas a lokacin da Kawu ke neman mai saye ido rufe. Fitowar da yake yi da kaya da damina kuma ita ke hana farashi tashi fiye da yadda yake tashi. Ba don Allah yake yi ba, riba yake nema, na sani. Amma ka cire shi daga kasuwar ka ga abin da zai faru: masara za ta zama tumatir, a yi ta wulaƙanci da ita da kaka, a neme ta a rasa da damina.

Ribar ma ba yadda muke zato take ba. A ƙaddara mutum ya sayi buhu naira 40,000 a Nuwamba. Zai biya dako, ya biya mota, ya biya hayar sito da mai gadi, ya sa maganin ƙwari, kuma hatsi yana rage nauyi idan ya ƙara bushewa. Sannan ga abin da mutane ba sa lissafawa: a shekarar da farashin kaya ke tashi da sama da kashi 30 cikin 100, kamar yadda aka gani a 2024, naira 40,000 ta Nuwamba sai ta zama wajen 48,000 a Yuli kafin ta sayi abin da take saye. Wanda ya sayar a 50,000 bayan wata takwas, in ka cire ɗawainiya, uwar kuɗinsa ma ba ta dawo ba. Akwai kuma shekarar da kasuwa ke juya baya. Waɗanda suka tara hatsi da tsada a kakar 2024 suna jiran ya ƙara tashi, da yawansu sun tafka asara a 2025 da farashi ya karye, bayan gwamnati ta buɗe ƙofar shigo da masara da shinkafa da alkama ba haraji na wani lokaci, sabon amfani kuma ya shigo. Ban ji wanda ya fito ya jajanta musu ba, kuma ba na cewa a jajanta. Kasada suka ɗauka da kuɗinsu. Abin da nake cewa shi ne wanda ke iya faɗuwa haka ba shi ke riƙe da linzamin farashi ba.

To wa ke riƙe da shi? A Dawanau, wadda tun kafa ta a 1985 ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin hatsi a Afirka ta Yamma, dubban mutane ne ke saye da sayarwa. Ga Dandume, ga Giwa, ga Saminaka, ga Maigatari, ga ɗaruruwan kasuwannin ƙauye da ke ci mako-mako. Idan Alhaji ya ƙi sayarwa, na kusa da shi zai sayar. Farashi yana fitowa ne daga karon abu biyu: yawan kayan da ya iso kasuwa, da yawan masu nema da kuɗi a hannu. 'Yan kasuwa ba sa buƙatar wani malamin jami'a ya gaya musu wannan. Da safe za ka ji suna cewa "yau kaya ya shigo" ko "kaya ya yanke", "baƙi sun zo" ko "kasuwa ta yi sanyi". Ilimin ke nan gaba ɗayansa, sauran sharhi ne. Mai ragon layya ma ya san shi: ragon da ya ƙi sallamawa ana jibi Sallah, idan ya yi kwantai har washegarin Sallah, shi zai riƙa bin mai saye.

Mu dubi abin da ya sami ɓangarorin nan biyu a shekarun nan. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin mai. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Kowane buhu a mota yake zuwa kasuwa, kuma manomin rani da fetur yake ba gonarsa ruwa. A watan Yunin 2023 aka saki naira, dalar da gwamnati ke bayarwa a wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Wannan ya yi mana illa ta fuska biyu. Taki da maganin feshi da kayan gyaran inji duk suka yi tsada, wato noma ya yi tsada. Sannan hatsinmu ya zama araha ga duk mai riƙe da sefa ko dala, masu saye daga ƙetare suka ƙaru, kamfanonin abincin kaji da dā suke shigo da masara daga waje suka juyo kasuwannin gida. A gefe guda kuma, a Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato da yankin Birnin Gwari, akwai gonakin da aka yi shekaru ba a sa musu fartanya ba, akwai ƙauyukan da sai sun biya 'yan bindiga kafin su yi shuka, su sake biya kafin su girbe. Kaya ya ragu, kuɗin kawo shi ya ƙaru, masu nema sun ƙaru. Ko da kowane ɗan kasuwa a Dawanau waliyyi ne, farashi sai ya tashi.

Akwai dalilin da ya sa tashin farashin abinci ke zuwa da zafi haka. Idan atamfa ta yi tsada, mace za ta haƙura da ta bara. Idan abinci ya yi tsada ba a ɗage cin sa zuwa baɗi. Saboda haka ƙarancin da bai kai ya kawo ba, a ce buhu ɗaya cikin goma, yana iya ɗaga farashi fiye da kima, domin kowa zai yi ta ƙari don kada ya zama shi ne wanda zai rasa. Wannan halin abinci ne a ko'ina a duniya, kuma shi ya sa ƙaramin gyara a ɓangaren noma da sufuri ke iya sauko da farashi sosai, kamar yadda ƙaramar ɓaraka ke ɗaga shi.

Amma mai saye ma ba gunki ba ne. Akwai wata baiwar Allah a layinmu da ke tuyar waina, shekara da shekaru a wurinta muke karin kumallo. Da shinkafar tuwo ta yi tsada ba ta ƙara kuɗin waina nan take ba, domin ta san yaran da ke zuwa da canji a hannu ba su da abin ƙarawa. Sai ta fara surka ƙullun da masara. Bayan nan ludayin zubawa ya ƙanƙance. Miyar da take yi da ɗanyen tumatir ta koma kauɗa da tattasai. Wata rana na ce mata, "Inna, wainar nan fa ta rame." Ta ce, "Malam, in na bar ta da ƙibarta, kai kaɗai za ka iya saye." Ba ta taɓa shiga aji ba, amma a kullum tana auna abin da masana ke cika allo da shi: nawa zan ƙara kafin masu saye su gudu wurin mai ƙosai?

Haka kowane gida ya yi. Wanda ke cin 'yar waje ya koma 'yar Hausa. Mai nama ya koma kifi busasshe, mai kifi ya koma awara. Shinkafa ta bar wa taliya da garin kwaki wuri, shayi da burodi suka bar wa koko. Wannan sauye-sauyen da miliyoyin mata ke yi a bakin murhu yana da ƙarfi a kan farashi fiye da kowace sanarwar gwamnati, domin shi ke sa kayan da ya cika tsada ya yi kwantai har mai shi ya sauko. Sai dai yana da iyaka, kuma iyakar ce ke tayar min da hankali. Mai hali yana da matakala da yawa da zai sauka. Talaka dama a matakalar ƙarshe yake. A 2024 an ga mutane a Kano suna sayen afafata, tsakin shinkafar da dā ake zuba wa kifi da kaji, suna dafawa. Daga nan babu sauran abin da za a koma, sai rage yawan ci: sau uku ya koma biyu, biyu ya koma ɗaya, uwa ta ce ta ƙoshi don yara su samu. A shekarar da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, buhun shinkafa mai kilo 50 ya fi wannan kuɗin a kasuwanni da yawa. Duk wanda zai yi bayanin kasuwa bai fara da wannan uwar ba, bayaninsa bai cika ba.

Saboda ita ne ma nake adawa da ƙayyade farashi da ƙarfin hukuma, domin mun gwada mun gani. Dattawanmu suna tuna 1984, zamanin mulkin soja na Janar Buhari da Idiagbon, lokacin da sojoji ke shiga kasuwa su fasa shaguna su sayar da kaya a farashin gwamnati. Ranar an yi murna. Bayan nan madara da sukari da sabulu suka ɓace daga kanta, aka koma bin dogon layi, mai hanya ya samu ta bayan gida ya sayar a ɓoye da tsadar da ta fi ta farko. Idan ka tilasta wa mutum ya sayar ƙasa da yadda ya saya, zai sayar sau ɗaya, ba zai sake sarowa ba. Kuma a layi, mai ƙarfi da mai sanayya ke gaba. Uwar nan tana can baya da goyo.

Rufe iyaka ma ɗan'uwan wannan ne. An rufe iyakokin ƙasa na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 don a kare manomin shinkafa, shinkafa ta yi tsada, fasa-ƙwauri bai tsaya ba. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 an sake rufe iyakar Arewa wata da watanni, mutanen Maraɗi da Katsina, na Ƙonni da Illela, waɗanda kasuwarsu ɗaya tun kafin a ja layin iyaka, duk suka ji a jikinsu. Wake da dabbobi na gangarowa kudu, masara da gero na haurawa arewa idan damina ta yi gardama a can. Duk wanda ya toshe wannan hanyar, ko daga wane ɓangare yake, ya rage wa wani kaya ya kuma rage wa wani kasuwa.

Na san abin da za a ce min: to Malam, addini fa? Ba Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce babu mai ɓoye abinci sai mai saɓo ba? Haka ne, hadisi ne ingantacce, kuma ba na wasa da shi. Amma malaman fiƙihu sun yi bayanin irin ɓoyewar da ake nufi: mutum ya saye abincin da jama'a ke tsananin buƙata, ya ƙuntata kasuwa, ya riƙe don ya cutar. Da yawansu sun bambanta wannan da manomin da ya ajiye amfanin gonarsa, da wanda ya saya lokacin yalwa ya fitar lokacin buƙata. Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da ajiyar shekara bakwai ya ceci Masar. Kuma akwai ɗaya hadisin da ba a cika karanta mana ba idan ana wannan magana: farashi ya tashi a Madina, sahabbai suka roƙi Manzon Allah ya yanke musu farashi, ya ƙi, ya ce Allah ne mai sanya farashi, kuma yana fatan ya gamu da Ubangijinsa babu wanda ke bin sa haƙƙi na jini ko na dukiya. Hadisan biyu tare suke tafiya. Wanda ya hana cutar da mai saye shi ne ya hana cutar da mai sayarwa.

Ɓoyewa irin wadda aka hana tana nan, ban ce babu ba. Tana yiwuwa ne a inda masu kaya suka yi kaɗan har za su iya haɗa baki. A ƙauyen da hanyarsa ta lalace, mota ɗaya ke shiga ranar kasuwa, mai saye ɗaya ne, shi ke yanka shi ke gutsurawa. A wurin mai ba da bashin falle, wanda zai ba ka dami ɗaya da damina ya karɓi biyu da kaka. A kayan da kamfanoni biyu ko uku ne kawai ke sarrafa su a ƙasa baki ɗaya, kamar sukari da siminti, inda ya kamata hukumar kare haƙƙin masu saye da tabbatar da gasa ta tarayya ta sa ido ba dare ba rana, ko da ba a kama kowa da laifi ba. Sai kuma zaluncin da ke gabanmu kullum ba mu ɗauke shi komai ba: kwanon awo da aka bubbuge gindinsa, buhun da aka cika ƙasansa da tsakuwa da ƙaiƙayi, algus a cikin manja. Nan ne aikin hukuma yake, kuma nan ne asalin aikin hisba a kasuwannin Musulmi tun farko, tsare mudu da sikeli. Maganin mai saye ɗaya a ƙauye kuwa shi ne a gyara hanya masu saye su zama goma. Wani bincike da aka yi a kasuwannin hatsi na Nijar ya gano cewa shigowar wayar salula kaɗai ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, saboda ɗan kasuwa yana iya bugawa ya ji inda kaya ya yi araha da inda ya yanke, ya kai can.

Daga Nijar ɗin akwai wani abu da na daɗe ina fatan a ɗauka da gaske a wannan ɓangaren. Ƙungiyar manoma takan tara hatsinta da kaka a sito guda, a sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiya ɗaya a hannun asusun ba da rance. A ba kowane manomi rance gwargwadon buhunansa, ya biya buƙatunsa na kaka, ya yi 'yar sana'ar rani. Idan farashi ya tashi a buɗe sito, a sayar, a biya bashi, ragowar ta manomi ce. Ba kullum ake cin riba ba, shekarar da farashi bai tashi ba ana jin jiki, kuma dole a tsara rancen ta hanyar da ba ta da kuɗin ruwa kafin mutanenmu su karɓe shi da zuciya ɗaya. Amma ka ga wannan ya taɓa ainihin ciwon Kawu. Ciwonsa ba kasancewar wani yana ajiya ba ne. Ciwonsa shi ne shi ba ya iya ajiyewa. Haka nan idan gwamnati na son ta sauko da farashi da damina, ta sayi hatsi da kaka da kuɗinta a farashin kasuwa, ta adana, ta fitar a Yuli da Agusta, a sayar da kwano a unguwanni a gaban idon jama'a. Wanda kuma ya kai matakalar ƙarshe a ba shi kuɗi ko abinci kai tsaye. Wannan ya fi a karya farashin kowa da kowa, har da na mai hali, a kan wuyan manomi.

Domin manomi shi ne wanda ake mantawa da shi duk lokacin da birni ya yi kuka. Mu mutanen gari muna da rediyo, muna da Facebook, muna kusa da gidan gwamnati. Idan hatsi ya yi tsada muryarmu ake ji. Idan ya faɗi ƙasa da kuɗin da aka kashe wajen noma shi, babu mai tare hanya. A 2025 hatsi ya sauko, mun ji daɗi, ni ma na ji, domin ina awo kamar kowa. Amma taki bai sauko tare da shi ba. An kai matsayin da manomi zai sayar da buhun masara bai sami kuɗin buhun taki ba, ga shi masara ba ta yi sai da taki. Manomi kuma yana da nasa zaɓin kamar yadda mai waina ke da nata, sai dai nasa ba a ganin sa sai bayan shekara, lokacin da kayan da bai shuka ba ya ƙi zuwa kasuwa.

Da na je gaishe da Kawu kafin faɗuwar ruwa, na same shi a zaure yana tsintar iri a faifai. Ba masara ba ce. Na ce, "Kawu, waken suya za a yi bana?" Ya ce babbar gonar ta bakin rafi waken suya zai zuba mata, ta tudu kuma dawa, tunda su ba sa cin taki kamar masara. Masara kuwa zai yi 'yar kaɗan a bayan gida, daidai wadda za a ci. Na tambaye shi ko shi kaɗai ne ya yanke wannan shawara. Ya ɗaga kai ya fara lissafa min maƙwabtansa da yatsu, ya gama hannun dama ya koma na hagu.